Kafin ka sa hannu a takardar aikin pailot, tsaya tukuna

Yaran unguwannin Nima da Mamobi a Accra da suka gama makarantar tuƙin jirgi suna yawan tambayata, wai Yaya kamfani kaza yana ƙara jirage yana ɗaukan pailot, mu shiga ko mu jira? Toh ƙanena zauna mu yi magana, don kuɗin da iyayenka suka kashe kafin ka samu lasisin CPL, wato na tuƙin jirgin kasuwanci, ba na wasa bane, wasu har fili aka sayar.

Farko dai ka san me yasa ake rububin kamfani mai tasowa. Kujerar kyaftin ce. In jirage na ƙaruwa dole a nemi sabbin kyaftin, kai da ka shiga da wuri layi zai zo kanka da sauri, alhali a tsohon kamfanin da ya tsaya cik sai ka tsufa a kujerar dama ta mataimakin kyaftin kana jiran wani ya yi ritaya. Kuma kana buƙatar awa 1500 kafin ka samu ATPL, babban lasisin da ake zama kyaftin da shi, nan ko zaka tara su, kuma tunda Accra zuwa Kumasi bai kai awa ɗaya ba, a yini ɗaya zaka tashi ka sauka sau da yawa, hannunka ya faɗa.

Amma fa girman nan na gaske ne ko na baki ne? Wannan shine inda nake so ka buɗe ido sosai. Jirgin da aka ce an yi oda daban, jirgin da yake tsaye a fili yana lodin fasinja daban. Ka je ka ƙirga da idonka, nawa ke tashi nawa ke kwance suna jiran kayan gyara, ka samu pailot ɗaya ko injiniya da ke ciki ka tambaye shi a gefe ko albashi na shigowa kan lokaci. Mu a Ghana mun gani ai, Ghana Airways ta tafi, Ghana International Airlines ta daina tashi a 2010, Starbow ma a 2017, duk akwai matuƙan da suka koma gida da lasisi a aljihu. Africa World Airlines da ta fara a 2012 da PassionAir da ta zo a 2018 su suka riƙe zirga-zirgar cikin gida bayan nan.

Sai maganar bond. In kamfani ya biya maka horon nau'in jirgin da zaka tuƙa, Embraer 145 ne ko Dash 8, zai ɗaure ka na wasu shekaru, in ka fita kafin lokaci ka biya. Ka karanta takardar nan layi-layi, ka kai wa lauya, ka tambaya in kamfanin ne ya rufe ko ya sallame ka bashin na nan a wuyanka? Kuma bashin da dala aka rubuta albashi kuma da sidi? Wallahi wannan kaɗai ya isa ya hana ka barci in sidi ta faɗi.

Rayuwar ma ka duba ta. Kamfanin da ke girma yawanci hannu bai ishe shi ba, rosta na canzawa dare ɗaya, ranar Sallah kana sama, azumi kana sama, lokacin hazo kuwa ka wuni a fili kana jiran Tamale ta washe. Ga gwajin simuleta, na'urar da ke kwaikwayon tuƙin jirgi, duk wata shida, ga likita duk shekara. Ka zauna da Hajiya, in kana da mata ka zauna da ita, su ji tun yanzu.

In sun kira ka intabiyu ka tambaye su fes ofisa, wato mataimakan kyaftin, nawa suka ɗaga zuwa kyaftin bara, da lamba. In suka fara kewaye-kewaye, ka ce su baka sati ɗaya ka yi shawara a gida.