Yadda ake gane dajin muƙamuƙin yara tun daga ƙaramin asibiti

Na sha ganin sabon ma'aikaci a asibitin ƙauye, an kawo masa yaro ɗan shekara biyar ko bakwai kunci ya kumbura, sai ya ce hangum ne, ya rubuta magani ya sallame su. Bayan sati biyu a dawo da yaron ido ya turo waje. Wannan ce cutar da likitan tiyata Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, ake kiranta Burkitt lymphoma. Daji ne na fararen ƙwayoyin jinin da ke tsaron jiki, kuma ya fi kama yara a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin wajenmu ke nan. Ƙullutun kan ninka girmansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Da farko buɗe bakin yaron, da tocila a hannunka. Hangum gaban kunne yake tsayawa, yana da zafi, kuma kafin kwana goma ya sace. Wannan kuwa a ƙashi yake, da tauri, sau da yawa ba ya ciwo. Dasashi ya tashi, haƙora suna girgiɗa alhali ba tsutsa. Kada ka cire ko ɗaya. Kwantar da shi ka latsa ciki, domin wani a can cutar take farawa. Sannan ka tambaya: “Maman yaro, yana taka ƙafarsa kamar da? Yana riƙe fitsari?” In ta ce a'a, wataƙila dajin ya danne lakar baya, yau za su tafi babban asibiti, ba gobe ba.

Yanzu inda ni na yi ɓarna. Kada ka ba da deksa ko firednisolon, magungunan nan na rage kumburi, komai roƙon iyaye. Na taɓa ba wani yaro na kwana biyar don in rage masa kumburi kafin uban ya haɗa kuɗin mota. Kumburin kuwa ya faɗa. Uban ya zo har da ƙwan zabi yana godiya, tafiya ta fasu. Ashe maganin ƙwayoyin dajin yake narkarwa na ɗan lokaci. Da abin ya dawo aka je babban asibiti, naman da aka ɗiba bai nuna komai a fili ba, sai da aka sake ɗiba. Don haka ka tambaya ko an riga an saya masa irin wannan magani a kyamis, ko wanzami ya yi tsaga, ka rubuta a takardar da za ka ba su. Ni har kwalin maganin nake cewa su tafi da shi.

Tura su asibitin koyarwa kai tsaye, irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Biye wa asibitoci ɗaya bayan ɗaya cin kuɗin mota ne kawai. Ka gaya wa uban tun yanzu cewa kwanciya ce, ya bar wa wani gona.

A can za a tsotsi ƙullutun da allura ko a yanki ɗan nama a duba, a yi hoton ciki, a ɗebi ɓargo da ruwan ƙashin baya, a gwada ƙanjamau. Kafin allurar daji sai an yi ƙarin ruwa sosai an ba da allopurinol, saboda in ƙwayoyin suka mutu lokaci guda dattinsu na iya toshe ƙoda. Sai magungunan dajin, cyclophosphamide da vincristine da methotrexate, zagaye bayan zagaye, wani ma ta ƙashin baya. Akwai kuma wani maganin, rituximab, ga mai hali.

Bayan zagayen farko fuska kan koma daidai, a nan iyaye ke ɗauke ƙafa. Karɓi lambar uban, ka kira shi kwana biyu kafin kowane zagaye. In yaron ya yi zazzaɓi a tsakani, a mayar da shi a daren.