Yadda Ake Ɗaukar Hoton Mai Jan Gashi Ba Tare da An Ƙona Launin Ba

Masu jan gashi ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na mutanen duniya ba. Shi ya sa ɗan koyo in ya samu ɗaya sai zumuɗi ya kwashe shi. Hotunan da nake gani kusan duk wuri guda suke faɗuwa: gashi ya fito dunƙule kamar an kwara manja, ko sili ɗaya ba ka iya rarrabewa.

Da farko ka faɗaɗa nemanka. Sikotland da Ayaland aka fi sani, amma akwai su cikin mutanen Udmurt na Rasha, har biki ake yi musu a birnin Izhevsk, akwai su kuma a tsaunukan Rif na Maroko. Michelle Marshall, mai ɗaukar hoto a Landan, baƙar fata da ruwa-biyu masu jan gashi ta bi, ta sa wa aikin suna MC1R, wato ƙwayar halittar da ke jawo launin. In kana Turai, dubbai ke taruwa a Tilburg ta ƙasar Holan duk ƙarshen Agusta.

Nemi izini, ka zauna ku yi hira kafin ka ɗaga kyamara. Da yawansu sun sha tsokana tun suna yara, don haka kada gashi ya zama maganar farko da za ta fito bakinka. Kuma kar ka ɗora wa mutum kayan gargajiyar da ba ya sawa don kawai hoto ya nuna ƙasarsa. Bar shi da tufafinsa, a unguwarsa.

Sai haske, kuma nan ne ake asara. Kowa ya koyi cewa dab da magariba hoto ya fi kyau. Ga mai jan gashi, in ranar ta dake shi ta gaba, gashi da fata da bango duk sai su koma ruwan lemo. Ni inuwar gini nake so, ko ranar da gari ya yi lumshi. In dole sai da yamma, juya shi ya ba rana baya, haske ya zagaye gefen gashin, fuska kuma ta huta da ƙifce-ƙifcen ido.

Kyamara da launi uku take aiki, ja da kore da shuɗi, kuma a irin wannan hoto ja ne ke fara cika ya tumbatsa. Jadawalin haske na gama-gari (histogram, zanen da kyamara ke nuna yawan hasken hoto da shi) zai nuna maka komai lafiya alhali ja ya riga ya ƙone. Kunna jadawali mai launi uku, ka sa ido kan ja kaɗai. Da zarar ya manne da gefen dama, rage haske da sulusi ɗaya ko sulusi biyu na mataki a ma'aunin hasken kyamara. Ɗauka da RAW, tsarin da ke ajiye duk bayanan hoto, ba JPEG mai matse hoto ba. Abin da JPEG ya zubar ba ya dawowa. Wurin da aka rubuta WB, wato saitin daidaita fari, kada ka bar wa kyamara zaɓi, domin tana ganin ja ya yi yawa sai ta sanyaya hoton, fuska ta yi fari fat. Saita shi da kati mai ruwan toka, ba shi da tsada, farar takarda ma za ta yi in babu shi. In mutumin baƙi ne, rage hasken zai dusashe masa fuska, sai a riƙe farin kwali ƙasa da haɓarsa don ya mayar masa da haske a fuska.

In babu mai jan gashi kusa da kai, roƙi dattijon da gemunsa ya sha lalle ya zauna maka, ka gwada hannu. Matsalar ja ɗaya ce.

Bayansa a samu kore mai duhu, ko shuɗi, ko toka. Jan bulo a'a. Gilashin kyamara (lens) mai 85mm nake so, amma 50mm ya fi araha kuma ya wadatar; buɗe ƙofar haskensa a f/2.8 zuwa f/4 don ido da gashin goshi su fito tare.

Wajen gyara, kar ka goge ɗige-ɗigen fuska, kuma in da waya kake aiki kashe abin da ke sumulce fata. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom maɓallin ruwan lemo gashi da fata yake canzawa lokaci guda, saboda haka ware gashin daban kafin ka taɓa shi. Ka tura wa wanda ka ɗauka ya gani kafin ka saka a intanet.