Yadda mai gadon sankarar hanji zai kula da bakteriyar cikinsa

Idan sankarar babban hanji ta taɓa kama mahaifinka, mahaifiyarka ko ɗan'uwanka na jini, musamman kafin shekara 50, ka fara da tattara tarihin zuri'arku, sannan ka nemi likita ya duba ko kana buƙatar gwajin ƙwayoyin halitta. Larurori biyu na gado ne suka fi shahara a nan: ta Lynch, wadda ke raunana gyaran kurakuran DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jiki), da ta FAP, wadda ke sa ɗaruruwan tsiro su fito a bangon hanji.

Bakteriyar hanji ma tana da hannu. A shekarar 2018 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gano nau'in bakteriya biyu, E. coli mai fitar da gubar kolibaktin da Bacteroides fragilis mai guba, manne da bangon hanjin masu FAP. Ta farko tana lalata DNA, ta biyun tana haddasa kumburi, kuma haɗuwarsu a cikin ɓeraye ta gaggauta fitowar ƙari.

Don haka ka yawaita kayan lambu, wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba, domin bakteriya mai amfani tana mayar da su sinadarin butirat da ke ciyar da bangon hanji. Ka rage sarrafaffen nama, ka guji taba da barasa, kuma kada ka sha maganin kashe bakteriya sai likita ya rubuta.

Gyaran abinci ba ya goge gado, shi ya sa nake jaddada leƙa hanji da kyamara: mai Lynch yakan fara daga shekara 20 zuwa 25, ana maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu, mai FAP kuwa tun yana ɗan shekara 10 zuwa 12.