Yadda Ake Ɗumama Gidan Dattijo Mai Lantarki Zalla a Ingila Cikin Sauƙin Kuɗi

Da yawa daga cikin ƙananan gidajen da tsofaffi ke zaune a Ingila ba su da gas, komai da lantarki ake yi, kuma abin ɗumama ɗaki shi ne hitar nan mai nauyi da ke jingine da bango, wadda ake kira storage heater. Na ga 'yan uwanmu da dama sun tafka asara a kanta. Ni ma sai da hunturu guda ya wuce a gidan kawuna kafin na gane kanta.

Fara da takardar kuɗin wuta. In ka ga Economy 7, to farashi biyu ne: awa bakwai na dare masu araha, sauran yinin kuma da tsada. Kira kamfanin ka ji ƙarfe nawa awannin ke farawa, don ba ɗaya ba ne ko'ina.

A cikin hitar akwai tubali da ke shan zafi da dare, ya riƙa sakinsa da rana. Maɓalli biyu ne a samanta: input shi ne yawan zafin da za ta tara, output kuma ƙofar da zafin ke fita. Ni output na bari a buɗe dare da rana. Zafin ya riƙa tsiyayewa kawu na barci cikin bargo, kafin la'asar hita ta huce, sai ya kunna ƙaramar hita mai fanka daidai lokacin da wuta ta fi tsada. Mai kilowat 2 yunit biyu take ci duk awa. Saboda haka a rufe output gaba ɗaya kafin kwanciya, a bar shi haka da safe, sai da yamma a buɗe kaɗan-kaɗan. Shi kuwa input, abin da ka murɗa yau sai gobe za a ji shi, don haka duba hasashen yanayin gobe tun da magariba. Rubuta wa dattijon wannan da manyan baƙaƙe ka manna a bango. Kada a shanya tufafi a kan hitar.

Sayi ma'aunin zafi mai araha. Hukumar lafiya ta NHS ta ce kada ɗaki ya gaza digiri 18, kuma tsoho kan ce lafiya lau alhali sanyi na cinsa. Ɗakin zama da na kwana ne abin kula. A rufe sauran ƙofofi, a saki labule da faɗuwar rana, a toshe ƙasan ƙofa da tsohon tawul. Bargon lantarki na kan kujera ya fi hita mai fanka nesa ba kusa ba, don cinsa bai wuce wat ɗari ko makamancin haka ba. Tankin ruwan zafi ma a saita shi ya yi aiki da dare.

Kaskon gawayi irin na hunturun gida kuwa, kada ya shiga ɗaki. Gidajen nan a rufe suke ruf, iskar gawayi kashewa take yi ba wari.

Sai neman tallafi. Duba ko dattijon ya cancanci Pension Credit, wato ƙarin kuɗin da gwamnati ke ba tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, domin ita ke buɗe ƙofar tallafin sanyi na Cold Weather Payment na fam 25 duk kwana bakwai na tsananin sanyi. Tambayi kamfanin wuta game da rangwamen kuɗin wuta na Warm Home Discount na fam 150, sannan a sa sunansa a Priority Services Register, kyauta ne, don a kula da shi idan wuta ta ɗauke.