Shawara ga Masu Ƙaramin Kare Mai Zaɓen Abinci

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ga wanda yake kiwon ƙaramin kare da ke shinshina kwano ya juya, abin da na fi ganin amfaninsa shi ne a daina ba shi ragowar tuwo da miya, a ware masa tukunyarsa daban. Miyarmu ba ta rabuwa da albasa da tafarnuwa, kuma dukansu suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe, ga shi mai ƙaramin jiki ɗan kaɗan ya isa ya cutar da shi.

A dafa shinkafa ta yi laushi, a haɗa da tsokar kaza da aka zare ƙashinta, domin dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji, sannan a dama dafaffiyar kabewa ko karas a ciki. Kada a sa gishiri, magi ko yaji. Idan ya ƙi ci, a zuba ɗan romon kazar da ɗuminsa, tunda ƙamshi ne yake fara jawo kare.

Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu yana rage masa sha'awar ci, saboda haka a ba shi da sassafe da bayan magariba, a ɗauke kwanon bayan minti 20 kafin abincin ya lalace. Shinkafa da kaza kaɗai ba su ba shi isasshen sinadarin ƙarfafa ƙashi, sai a nemi likitan dabbobi ya tsara abin da za a ƙara. Idan ya wuni ya kwana bai ci ba, ko yana amai, a kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.