Yadda za ku gyara filin unguwa ya ɗauki 'yan ƙwallo da masu takalmin taya

Abin da ya sa na shiga kwamitin gyaran filin unguwarmu a Kano shi ne wani yaro da bai wuce shekara 12 ba, sanye da takalmi mai taya, ya maƙale a bayan adaidaita sahu a tsakiyar titi. Gabana ya faɗi. Da na tsaya na yi tunani, sai na ga ba shi da wurin wasan nan sai kwalta, don filinmu rabinsa bola ce, rabinsa na 'yan ƙwallo.

Kafin ku sayi buhun siminti ko ɗaya, ku nemi takarda. Ku je wa mai unguwa da dagaci, sannan hukumar tsara birane, wato KNUPDA a nan Kano, a tabbatar filin na jama'a ne kuma an amince da aikin. In babu takarda, wata rana za ku wayi gari an yanka shi shaguna.

Sai ku jira damina. A watan Agusta, da zarar an ɗauke ruwa, ku shiga filin ku kafa turaku a duk inda ruwa ya kwanta. Mu gaggawa muka yi, muka zuba daɓe kafin mu haƙa kwata, damina ɗaya ta zaizaye mana gefe guda. Har yau abin yana ci mini rai, domin kuɗin karo-karo ne na mutanen da ba su da shi.

Wurin ƙwallo ba shi da wuya. Mita 40 da 20 ya ishi 'yan biyar-biyar. Ku shimfiɗa shi kudu da arewa, kada ranar La'asar ta riƙa dukan idon gola, kuma a binne sandunan raga da kankare don yara suna lilo a jikinsu. Filin ƙwallon kwando mita 28 da 15 ne, kwandon a tsayin mita 3.05. In wuri ya yi kaɗan, rabinsa ma ya wadatar.

Daɓen masu taya shi ne ke son haƙuri. Kada wani ya ce muku a sa intalok, tayar tana sarƙewa a tsakanin duwatsun. Kankare ake so, kaurin santimita 10, a kan ƙasar da aka daddaɓe ta zauna sosai. Ku ce wa magini ya ba shi gangara kaɗan, santimita 1 a kowace mita, ruwa ya riƙa bi ya faɗa kwata. A zuba da sassafe, a goge da cokalin gini har ya yi sumul, a tsaga layi duk bayan kamar mita 3 domin in zai tsage ya bi nan. Daga nan sai bayi: kwana 7 ana jiƙa shi, a lulluɓe da buhuna. Mun raba wa matasa kwanakin, kowa da jarkarsa. Tudun tsalle kuwa, na farko kada ya wuce gwiwa. Ku kira yaran da kansu su nuna muku inda suke juyawa da inda suke son fili su taho da gudu, sun fi mu sani.

Ku ja ragar waya tsakanin masu taya da 'yan ƙwallo. Darbejiya ku dasa ta ta yamma, nesa da daɓen, saboda saiwarta tana ɗaga kankare, 'ya'yanta kuma in suka zubo sai su tsayar da taya cak. Tsakuwa guda ma tana kayar da yaro, ga ƙurar hunturu, shi ya sa daɓen ke son shara.

A ƙarƙashin inuwar ku sa bencin siminti don dattawa da iyaye mata, da fitilar sola a dogon ƙarfe. Mu mun ware safiyar Asabar ga ƙanana da 'yan mata, ana tashi da kiran Magariba kullum, kuma ƙungiyar da ta fara zuwa ita ke ɗaukar tsintsiya.