Yadda Ake Gina Shafin Intanet Domin Masu Lalurar Gani

Makaho yana sauraren shafi ne ta manhajar karanta allo, irin su NVDA ko TalkBack, saboda haka kowane hoto ka ɗora sai ka rubuta masa gajeren bayani a gurbin alt, wato wurin da aka tanada domin rubuta bayanin hoto, domin idan babu shi, sau da yawa sunan fayil kawai manhajar take furtawa. Ka jera kanun rubutu bisa tsari tun daga h1, wato babban kan shafi, tunda da su makaho yake tsallakawa daga sashe zuwa sashe. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda aka tsara domin sauƙaƙa wa masu lalura amfani da shafukan intanet, sun buƙaci bambancin hasken rubutu da na bango ya kai aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu mai girma na yau da kullum. Kafin ka saki shafin, ka ajiye linzamin kwamfuta, ka zagaya shi da maɓallin Tab kaɗai, kuma ka gyara duk inda ka maƙale.